A Bar Mana Kututture Kafin A Kawo Mana Dashe

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Ƙafin Maiyaki ko Kwanar Dangora da sassafe, ya riga ya ga abin da za mu yi magana a kansa yau. Motoci ne ke fitowa daga wajen Tudun Wada da Doguwa, an labta musu itace da buhunan gawayi har suna rangaji, sun nufi birnin Kano. Sa'an nan idan damina ta faɗi sai ka ga waɗansu motocin, masu sheƙi, sun baro birni sun nufo ƙauye, da 'yan dashe cikin baƙar leda, da masu ɗaukar hoto. Manya su tsuguna, a miƙa musu shebur, a dasa, a tafa, a watse. Itacen da ya shekara hamsin ya tafi birni a bayan mota, an kawo mana ɗan wata uku a madadinsa, shi ma kafin hunturu akuya ta gama da shi.

Yanzu kuwa an sami sabon dalilin yin wannan biki. An ce duniya tana ɗumama, yanayi yana sauyawa, kuma an ce ɗaya daga cikin magungunan abin shi ne tsire-tsire masu saurin girma, waɗanda za su zuƙe iskar da ke jawo ɗumamar. Mun ji, kuma ba mu ce ƙarya ba ne. Amma tun da yake gonakinmu da dazuzzukanmu ake nufi, wajibi ne talaka ya san yadda abin yake tun daga tushe. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sani, ba a cinikin biri a sama.

To, ga yadda abin yake.

Ku dubi gawayin da ke cikin murhu. Wannan baƙin abu shi masana ke kira kabon. Idan ya ci wuta ba ɓacewa yake yi ba, haɗuwa yake da iska ya tashi sama, ba launi ba wari. Wannan ita ce iskar kabon. Fetur da gas da kananzir da kwal duk ita suke fitarwa idan sun ƙone. A sama kuwa kamar bargo take: hasken rana ya ratsa ta ya sauko, amma zafin da ƙasa ke mayarwa sai ta tare wani sashe nasa. Kafin Turawa su soma kafa masana'antu, in ka auna iska mudu miliyan ɗaya za ka sami mudu 280 na iskar kabon a ciki. A shekarar 2024 ta haura mudu 420. Bargo ya yi kauri ke nan. A watan Afrilu na shekarar 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, masanan da suka bincika kuma suka ce ba don wannan bargo ba da zafin bai kai haka ba. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. Manomi dai ba ya bukatar a karanta masa lissafi, gama shi ne ke yin shuka sau biyu sau uku kafin ruwa ya zauna.

Ganye kuwa aikinsa kishiyar aikin wuta ne. Ku ɗauka kowane ganye ɗan madafi ne. Wutarsa hasken rana, cefanensa ruwa da iska. A jikinsa, galibi ta ƙarƙashi, akwai 'yan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan iskar kabon ke shiga. Saiwa ta jawo ruwa daga ƙasa ta aiko. Koren nan na ganye ya kama hasken rana, ya fasa ruwan da shi, ya saki iskar oksijin, watau wadda mu da dabbobinmu muke shaƙa mu rayu, sa'an nan ya haɗa abin da ya rage da kabon ya zama sukari. Daga sukarin nan ake gina kara da reshe da gindi da ƙwaya. Turawa suna ce da wannan aiki fotosintasis, mu kuwa bari mu kira shi girkin ganye. Mai shan rake a tasha, zaƙin nan da kake ji, iska ce da ruwa da rana.

Mutane sun daɗe suna zaton ƙasa itace ke ci ya yi ƙiba. Wani malami na ƙasar Beljiyam, Van Helmont, ya gwada, aka buga labarin gwajin a 1648 bayan rasuwarsa. Ya auna busasshiyar ƙasa laba 200 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itace mai nauyin laba 5, ya yi ta ba shi ruwa kaɗai har shekara biyar. Da ya sake aunawa sai ya tarar itace ya kai laba 169, ƙasa kuwa wajen oza 2 kacal ta rage. Sai ya ce ashe duk daga ruwa ne. Rabin gaskiya ya gano, bai san da iska ba. A 1779 wani likita ɗan ƙasar Holan, Ingenhousz, ya nuna cewa sai da hasken rana ake wannan girki, kuma sai a koren jikin tsiro. Yau an tabbatar cewa busasshen itace kusan rabin nauyinsa kabon ne, kuma daga iska ya samo shi. Kukar da ke bakin kasuwarku, mai gindin da mutum biyar ba sa zagaye shi da hannu, yawancin abin da ya gina ta ba daga ƙasa ya fito ba. Itacen da busasshen nauyinsa ya kai tan ɗaya, ya janye iskar kabon kusan tan biyu daga sama. Wannan ba maganar siyasa ba ce, sikeli ne ya faɗa.

Maganar sauri kuma, ba sai an je Turai ba. Gwanayen wannan girki suna gonakinmu. A 1966 waɗansu masana biyu a Ostareliya, Hatch da Slack, suka bayyana yadda rake ke da wata dabara ta musamman: yana tattara iskar kabon ya cusa ta cikin tukunyar ganye da yawa, saboda haka ba ya ɓarnar ruwa, zafin rana kuma bai dame shi ba. Dawa da gero da masara da gamba duk suna da wannan dabara. Shinkafa da alkama da wake da gyaɗa ba su da ita, haka kusan dukan itatuwa. Shi ya sa dawar da aka shuka a watan Yuni, kafin kaka ta fi mutum tsawo nesa ba kusa ba. Masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suna ƙoƙarin ƙara wa sauran amfanin gona irin wannan kuzari, a 2016 ma sun ba da labarin ganyen taba da suka gyara ya ƙara girma da kashi 14 zuwa 20 cikin ɗari. Madalla. Ranar da irin ya iso kasuwa a farashin da talaka zai iya saye, ma yi murna.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma nan ne masu jawabi ke tsallakewa. Janye iska daban, ajiye ta daban. Karan dawar nan da ya zuƙi iska wata huɗu, ina yake zuwa? Shanu su ci, a yi danni da wani, a hura wuta da wani, gara ta cinye saura, wani ma a cinna masa wuta a gona lokacin sharar bazara. Kafin shekara ta zagayo kusan duk kabon ɗin ya koma inda ya fito. Kamar ɗan kasuwa ne da ke cinikin dubbai kullum amma ba ya kwana da ko sisi. Abin da ke zama ajiya shi ne wanda ya shiga gindin itace mai rai, da saiwarsa, da wanda ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa mai taki, da wanda aka sassaƙa. Turmin kirya da kakarku ta bari, da azarar soron gidanku, kabon ne a ɗaure shekara da shekaru. Itatuwa masu saurin girma kuwa, yawancinsu jikinsu ba nauyi, kuma ba su cika tsawon rai ba. Kirya da kaɗanya da maɗaci da tsamiya ba sa gaggawa, amma abin da suka riƙe sun riƙe. Ranar da aka sare itace aka yi gawayi da shi, ajiyar shekara hamsin ta tashi a 'yan kwanaki, balle ma gawayin da ake yi a rami, wanda sai an ƙona itace laba biyar zuwa goma kafin a sami laba ɗaya.

Saboda haka tambayar da ta kamata ba ita ce wane tsiro ya fi sauri ba. Tambayar ita ce wane itace ne zai tsaya, kuma wa zai tsare shi.

Kafin mu amsa, bari mu tuna wa jama'a cewa saurin girma shi kaɗai ba albarka ba ne. Ku tambayi 'yan'uwanmu na Haɗeja da Nguru labarin kacalla. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, nan ƙasar Bebeji, aka kuma ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da dā yake zuwa musu da damina ya janye da rani sai ya koma gudana shekara duka. Kacalla ta sami abin da take so. Gwana ce wajen girkin ganye a fadama, amma ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki. In da saurin zuƙar iska ne kaɗai abin nema, da mutanen Haɗeja sun fi kowa arziki.

Turare ma, wanda ake yawan kawo mana don yana miƙewa da wuri, yana da amfaninsa wajen katako da tare iska, ba mu musa ba. Amma mashayin ruwa ne, kuma amfanin gona ba ya jin daɗi a gindinsa. Ƙasar Afirka ta Kudu tun 1995 take biyan mutane kuɗi suna tumɓuke shi da ire-irensa daga bakin koguna don ruwa ya dawo. Wanda ya ce ka jera shi a fadamarka, tambaye shi ko ya jera a tasa.

Akwai kuma bini-da-zugu. Wajen 2007 da 2008 duniya ta ɗauka cewa shi ne zai maye gurbin man dizal, wai yana fitowa ko a kan fako, ba ruwa ba taki. Kamfanoni suka bazama Afirka neman ƙasa. A gundumar Kisarawe ta Tanzaniya wani kamfanin Ingila ya karɓi hekta wajen 8,000 na ƙasar ƙauyuka, a 2011 ya karye, aka sallami ma'aikata, ƙasar kuwa ba ta koma hannun masu ita nan da nan ba. Ashe itacen yana rayuwa a fako, amma ba ya 'ya'yan kirki sai a ƙasa mai kyau. A Yuganda kuma, a 2011 ƙungiyar Oxfam ta ba da rahoton cewa an tashi mutum fiye da 20,000 a gundumomin Mubende da Kiboga don wani kamfani ya dasa itatuwan katako, yana kuma neman kuɗin kabon. Kamfanin ya musa cewa shi ya kore su, daga baya dai aka yi sulhu. Kuɗin kabon ɗin nan, ga ma'anarsa a taƙaice: mai masana'anta a Turai ya ci gaba da hayaƙinsa, ya biya wani ya dasa itace a Afirka, a rubuta cewa an biya bashi. Ba mu ce duk cinikin haram ne ba. Amma a ƙasar da dokar 1978 ta sa ƙasa duka a hannun Gwamna, kuma in an karɓi gonarka diyyar abin da ke kanta kaɗai ake lissafawa, lalle ne talaka ya buɗe ido ranar da ya ga baƙi da na'urar awo a bayan gari.

To, wane itace ne ke tsayawa? Amsar tana Maraɗi, wajen Hausawa 'yan'uwanmu, ba wajen wasu baƙi ba.

A can, tun zamanin Faransa, doka ta mai da itatuwa na hukuma, ko da a tsakiyar gonarka suke. Ka sare reshe, malamin daji ya ci ka tara. To, wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Manomi ya ga toho sai ya sassabe shi tun yana ƙarami, kafin ya zama abin magana. Aka wayi gari ƙasa ta zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Aka yi ta kashe kuɗi wajen dashe, yawanci suna mutuwa. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai aikin gona a can, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya ya dubi wani ɗan kurmin toho da kowa ke ɗauka ciyawa ce, sai ya ga ashe itace ne da aka sare, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa da zurfi. Ya duba gabas da yamma, ga su nan birjik. Daji ne sukutum a binne, yana neman a ƙyale shi ya fito.

Dabarar ba ta da wuya, kuma tsofaffinmu ba baƙuwarsu ba ce. Lokacin sassabe, maimakon ka share kututture ƙaf, sai ka zaɓi toho mafi ƙarfi, uku ko biyar, ka cire sauran, ka rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, kana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Mutanen Nijar suna ce da ita sassabin zamani. Ba leda, ba ban ruwa, ba mota, ba jawabi. Kuma ku lura da wannan, ku masu neman itace mai saurin girma: dashe yana ɓata shekarunsa na fari wajen haƙa saiwa, toho kuwa ya tarar da saiwa a shirye, wadda ta riga ta kai ga laima. Duk abin da ganye ya girka sama yake tafiya. Ba dashen da zai kamo shi.

Kada a ce mun ɓoye wani abu: abin bai karɓu a rana ɗaya ba. Lokacin yunwar 1984 an haɗa dabarar da rabon abinci, mutane suka bar itatuwa wajen 500,000 a gonaki, da abinci ya ƙare aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi, ga gero ya fi kyau, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Abin da ya ƙarasa aikin shi ne da hannun hukuma ya sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. A ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye mutane suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da maza da mata da makiyaya a ciki. Da masana suka gwada hotunan sama na dā da na baya, suka ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram ta kai hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, hatsin da ake ƙara samu kuma wajen tan 500,000 a shekara. A watan Yuli na 2020 Gwamnatin Nijar ta fitar da doka takanas wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. Ruwan saman da muke samu a kudancin Kano kuwa ya kusa ninka na Maraɗi. Me zai hana mu?

Sai a gwada wannan da Babbar Katangar Itatuwa da shugabannin Afirka suka amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wadda Kano tana cikin jihohi 11 da ta shafa a Nijeriya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce abin da aka gyara a yankin katangar bai wuce kashi 4 cikin ɗari na hekta miliyan 100 da aka yi alkawari ba. Talakawa da lauje da gatari sun yi abin da taron shugabanni bai yi ba.

Mu ma nan gida muna da shaida. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, shi da abokan aikinsa sun ƙirga itatuwan gonakin da ke kewaye da birnin Kano, inda mutane suka fi yawa, inda kowa zai zaci an gama da su. Sai suka tarar ba su ragu ba, duk da farin shekarun 1970 da na 1980. Me ya sa? Domin kowace ɗorawa tana da mai ita. Ana gādonta, ana jinginar da ita, ba mai hawa sai da izini. Itacen wutar da birni ke ci kuwa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo shi, inda itace ba na kowa ba ne. Matar da ke sayar da daddawa ta san abin da kalwa ke kawo mata kowace shekara, mai man kaɗe ta san kaɗanya takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta soma 'ya'ya, ba kuwa za su yarda a mai da jarinsu gawayi ba. Gawo ma ba sai an yi wa manomi wa'azinsa ba: yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da rani lokacin da kowa ya bushe, 'ya'yansa kuma abincin tumaki ne. Ana ba da labari Sarkin Damagaram Tanimu ya sa hukunci mai tsanani a kan saran gawo. Ya san abin da yake tsarewa.

Dazuzzuka masu nisan nan da birni ke ci, mu ne su. Dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa cikin shekarun 1940 da sunan Kogin Kano, fāɗinsa wajen hekta 92,000, shi ne babban rumbun kabon na jihar nan, kuma ta cikinsa kogin ke bi kafin ya zuba a Tiga. In doka da marke suka ƙare a can, ruwan sama zai kwashi ƙasa ya zuba a madatsa, ta cike da laka, mai noman rani a Kadawa da mai buɗe famfo a birni duk su ji a jikinsu. Daji irin wannan da ya riga ya tsaya, tsare shi ya fi dasa sabo sau nawa, gama ajiyar tana ciki tun tuni. Amma ba a tsare daji da bulala kaɗai. An gwada tun zamanin En'e, abin da ya haifar shi ne gaba tsakanin talaka da malamin daji, manyan motoci kuwa suna wucewa. Sai garuruwan da ke bakin dajin sun sami rabo bayyananne, na zuma da kiwo da busasshen itace da aikin tsaro mai albashi, sa'an nan za su ga mai zarton inji su ce masa tsaya.

Kada kuma wani ya ɗora wa mai gawayi da mai tuyar ƙosai laifin ɗumamar duniya. Afirka duka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin man fetur da kwal na duniya. Abin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa a shekara ya ninka na ɗan Nijeriya fiye da sau ashirin. Duniya tana tura iskar kabon wajen tan biliyan 37 sama kowace shekara daga mai da kwal da gas, dukan dazuzzuka da ciyayin duniya kuwa abin da suke iya janyewa bai kai sulusin abin da ake fitarwa ba. Ko an rufe Kano da Katsina da itace, in ba a rage wutar daga can ba, ɗiban ruwa ne da kwando. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin itatuwa miliyan 25 a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019, ta yi alkawari a Glasgow a 2021 cewa kafin 2060 hayaƙinmu da abin da muke janyewa za su yi daidai. Alhali kuwa gas ɗin da doka ta ce a daina ƙonawa a banza a rijiyoyin mai tun 1984, shekaru arba'in bayan haka ba a daina ba. Gas yana ci a sararin Neja Delta, uwargida a Kiru tana hura ice tana hawaye. Tun 2023 da aka janye tallafin mai, naira ta faɗi, kuɗin gas da kananzir ya yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa da suka bar gawayi suka koma masa. Wanda ya tsauwala wa tukunya, shi ya aika gatari daji.

Duk da haka ba za mu naɗe hannu ba, domin inuwar ta gonarmu ce, kalwar tamu ce, ƙasar da ke zaizayewa kuma ba ta Bature ba ce. Abin da muke nema ga Majalisar Jiha shi ne doka a rubuce, da Hausa, wadda za a karanta a kowace kasuwa: itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, ya yi sassabe, ya rage reshe, ya sayar, ba tara ba takarda. Sa'an nan kuɗin da ake kashewa. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma bashi ne, 'ya'yanmu za su biya. Tun da haka ne, a daina auna aiki da yawan dashen da aka raba. A biya manomi a kan itacen da ya kai shekara uku da rai, ko dashe ne ko toho, a ƙirga a gaban mai unguwa da jama'a. Wanda ya ga dama ya dasa zogale ko darbejiya ko mangwaro a bakin gona da kan hanya, a ba shi, yana da kyau, amma shi zai zaɓa. Duk wani kamfani da ya zo da maganar kuɗin kabon kuma, a karanta yarjejeniyar a fili, a faɗi shekara nawa ce, nawa za a biya, hannun wa kuɗin zai shiga, kuma kada a sa hannu sai da makiyayan da burtalinsu ya bi ta wurin.

Ku kuma 'yan'uwa na rassan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ga aikin da ba ya jiran Majalisa. Bana lokacin sassabe kowa ya bar toho a kan kututture ko goma a gonarsa, ya ɗaura musu tsumma don yara da masu kiwo su san da mai su. Sa'an nan ku je duk inda aka yi bikin dashe bara a garinku, ku ƙirga ramukan, ku ƙirga waɗanda ke da ganye, ku aiko mana da lissafin da sunan wurin. Za mu buga shi a wannan shafi, gari gari, kafin motocin su sake zuwa.